Kalmar da Ba Za a Kankare Ba

Na Allah muke tun farko, kuma wurinSa za a tattara mu. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, ta rasu da hantsi a ɗakinta na gidanmu da ke Ƙofar Sauri, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata kabari.

A kwanakin makoki na zauna a zaure tare da iyayena maza, nakan kuma shiga cikin gida in gaida mata, saboda haka na ji abin da aka faɗa a wuraren biyu. Kusan kowa, bayan ya ce ya haƙuri ya yi addu'a, sai ya ambaci littafin. Wani dattijo, abokin marigayi kakanmu, ya ɗaga hannu ya ce, "Ban taɓa shigowa gaishe ta ba sai na iske ta da takardu bisa cinya. Mata masu wuridi irinta sun ƙare." Jama'a suka amsa da kabbara. A cikin gida kuwa, wata 'yar'uwarmu da ta zo daga Batagarawa ta rage murya ta ce wa ta kusa da ita kundin asirin mahaifin Kaka ne, shi ya sa ɓarawo bai taɓa haura katangar gidan ba. Wadda aka gaya wa ta taɓe baki. "Wane asiri? Tatsuniya ce fa. Tsohuwa da jikoki, tana karatun tatsuniya. Allah dai Shi yafe mata."

Duk sanda aka ambaci littafin a zaure, Baffa, yayan mahaifina kuma ɗan farin Kaka, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara saurin jan casbinsa.

Na ɗauki alƙalami ne domin ba na so a tuna da ita da yabon da ba nata ba, balle da zargi. Kaka ta yi ibadarta, Allah Ya karɓa, amma abin da ke kan cinyarta ba wuridi ba ne. Dattijon ya hango haruffan Larabci ne daga nesa ya ɗauka addini ne, kamar yadda yawancinmu muke ɗauka. Hausa ce da ajami. Ƙagaggen labari ne, ita ma ta san ƙagagge ne, ta so shi har ranar da ta bar duniya, kuma ba ta taɓa neman afuwar kowa a kan haka ba. Ni ma ba zan nema mata ba.

Littafin ba shi da suna, ba a kuma san wanda ya tsara shi ba. Mahaifin Kaka, wanda baduku ne, shi ya kwafe shi daga wani kwafi da ya fi shi tsufa, ya ɗinka masa gafaka ta jar fata, a wurinsa kuma ta koyi ajami tana ƙarama. Takardu ne a warwatse, babu ɗinki babu lamba; a ƙasan kowace an rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, da haka ake gane jeri. Labarin wani zamani ne da duwatsu ke tafiya, garke-garke kamar shanu, kowane garke da mai shi, suna aure, suna haihuwa, suna yaƙi a kan mashaya.

Ba zan yaudari kowa ba: yana da wuya. Kashinsa na farko kaf jerin asali ne, wane dutse ya haifi wane, wane ya auri wace, sunaye masu nauyi a baki. Sai ka yi nisa ƙwarai kafin wani a cikinsa ya buɗe baki ya yi magana. Jimlolinsa dogaye ne, da yawa daga kalmominsa sun daɗe da barin bakin mutane, wasalinsa kuma ya koɗe. Dutse guda yakan sami suna a haihuwa, wani bayan ya girma, wani bayan ya tsage, marubucin kuwa ba ya tsayawa ya tuna maka. Duk wanda ya ce yana da daɗi tun daga shafin farko, bai buɗe shi ba.

Bayan la'asar take karatunta, a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta. Takan fara wanke hannu, ta kuma faɗa yadda kowa zai ji: "Wankin hannu ne, ba alwala ba, kada wani munahuki shi kai labari." Ba ta taɓa ajiye shi wuri ɗaya da Alƙur'aninta ba. Alƙur'ani yana sama, kusa da kan gado, shi kuwa yana ƙasan adaka tare da zannuwa. Da an kira magariba za ta rufe shi, ko da a tsakiyar jimla take, ta ce, "To, ƙarya ta isa hakanan. A tashi a yi gaskiya."

Da idonta ya raunana, ni na koma mai karanta mata duk lokacin da na dawo hutu daga jami'a, inda nake nazarin harshen Hausa. Tsakaninmu akwai wasan jika da kaka, kodayake ita ce ta fi yin wasan.

"Maigida," takan kira ni, "taho ka yi aikin da aka aure ka dominshi. Kuma ka saki huska. Wanga miji nawa, ko dariya zai yi sai ya duba ƙamus."

Wata rana muna cikin jerin 'ya'yan wani baƙin dutse, harshena ya bushe, na ce mata, "Amarya, in kina so in saki fuska, mu tsallake waɗannan mu je wurin yaƙi."

"Tsallake? In ka tahi zance gidan mutane, katanga kake haurawa, ko ta zaure kake bi ka gaida dattawa? To, waɗanga su ne dattawan gidan. Gaishe su."

Goggo, 'yarta tilo mace, ba ta ɓoye ra'ayinta. Ta zo yini wata rana daga gidanta na Ƙofar 'Yandaka, ta iske mu a ciki, ta miƙe ƙafa a kan tabarma ta ce, "Inna, ni wallahi barci yake sa ni. Mi aka samu a ciki? Mi yake ƙara ma mutum?"

"Ba ya ƙara komi," in ji Kaka. "Ba ya maganin ciwon kai, ba ya sa a ci jarrabawa. Ke labarin da kike so shi ne wanda zai taho shi iske ki kwance, shi yi maki tausa. Wanga ba ya tashi don kowa. Ke za ki tahi ki iske shi, ki cire takalmi."

"To ni ƙafata na ciwo."

"Sai ki yi barcinki. Ba ki rage mashi komi ba."

Abin da Kaka ba ta tsaya ta yi wa Goggo bayani ba, ni zan yi, domin shi ne hujjata a kan duk mai cewa ɓata lokaci ne. Can gab da ƙarshe, garken da ya fi kowane girma yana ƙetare wani kwazazzabo, sai autan uwar garke ya faɗa ciki ya ɓace. Uwar ta tsaya, ta ce ba ta gusawa sai ya iso. Mai garken ya lallashe ta, ya doke ta, ya tsine mata, ba ta motsa ba. Daga nan sauran duwatsu suka fara tsayawa domin su taya ta jira. A nan marubucin ya sake kawo sunayen nan na farko, ɗaya bayan ɗaya, a jerinsu, bai bar ko guda ba: wane ya tsaya, ɗansa ya tsaya, matarsa ta tsaya. Sunayen da suka gundure ka a farko yanzu kowanne ka san uwarsa, ka san yaƙin da ya yi, ka san inda ya tsage. Wanda ya tsallake farkon zai iso nan ya ga jerin sunaye kawai. Wanda ya bi ta zaure zai ga duniya guda tana tsayawa saboda yaro ɗaya, kuma in ji labarin, har yau jiransa suke yi. Wuyar littafin ba aibi ba ce da za a yi haƙuri da ita kafin a kai ga daɗi. Da ita aka gina daɗin.

A cikin masu ta'aziyya, mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiyar littafin, kuma ba Bahaushiya ba ce. Maƙwabciyarmu ce, Kirista daga kudancin Kaduna, mijinta ma'aikacin gwamnati. Shekarun baya ɗanta ya rasu bayan zazzaɓi. An yi zaman makoki an watse, ita kuwa ta kasa tashi. Ta daina fita, ta daina girki, har dangin mijinta suka fara cewa abin ya isa. Kaka ta ɗauki sandarta ta shiga gidan da kanta. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce ta daina kuka ba. Ta zauna kusa da ita, yau da gobe da jibi, tana ba ta labarin duwatsu da baki tun daga tushe, a hankali, har suka kai kwazazzabon.

A makokin Kaka matar ta zo da lulluɓi, ta zauna daidai ƙofar ɗakin. Da na durƙusa gaishe ta, ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Kowa yana ce mini in tashi. Mama ce kaɗai ta ce mini, babu wanda ya ce uwar duwatsu ta yi laifi don ta tsaya. Ranar na ci abinci."

Rigimar Kaka da Baffa kuwa a kan kalma ɗaya ce. Baffa ba jahili ba ne, ba kuma mai tsaurin banza ba ne. Tsohon ma'aikaci ne da ya ba sauran rayuwarsa ga karatun addini, yana tsoron Allah, yana son mahaifiyarsa. Wata rana ya shigo gaishe ta ina cikin karatu, ya ji na ce, "Sai ubangijin garken yamma ya aika wa ubangijin garken gabas." Ya tsaya cik, takalminsa ɗaya a ƙafa.

"A'uzu billahi. Maimaita."

Na maimaita.

"Inna, Ubangiji nawa gare mu?"

Kaka, kamar matan zamaninta, tana yi wa ɗan fari alkunya: ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta mayar masa da magana kai tsaye. Saboda haka ni ta kalla.

"Maigida, gaya ma wancan na tsaye, Ubangijin da nike ma sujada Ɗaya ne, tun ba a haife shi ba. Ka kuma gaya mashi, in jaki ya shiga gonar mutane, ubana cewa yake a nemo ubangijin jakin ga shi biya ɓarna. Shi ma shirka ya yi?"

Gaskiya ta faɗa. A tsohuwar Hausa ubangijin abu shi ne mai shi, ana cewa ubangijin gona, ubangijin doki, kuma tsofaffin ƙamusoshi sun kawo ma'anar biyu. Mu ne muka taƙaita kalmar daga baya. Amma Baffa ma yana da tasa hujjar, ba zan ɓoye ta ba.

"Inna, wancan zamani ne. Yau yaro shi ji ubangijin gabas da ubangijin yamma, mi zai ɗauka? Ni nauyin gidan ga yana wuyana. Ki ba ni shi in kawar."

"Gaya mashi, yaron da bai san kalma ba koya mashi ake yi. Gaya mashi hannun ubana ne. Ina da rai, yana nan."

Baffa ya juya ya fita. Ya daɗe yana gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ya zama. Ita ma ba ta aika a kira shi ba, sai dai kullum takan tambayi mutanen gida ko wancan ya ci abinci.

Bayan baƙi sun ragu, wata safiya Baffa ya tara mu a ɗakin Kaka: shi, da mahaifina, da Goggo, da ni. Gafakar tana gabansa a kan tabarma. Ya ce ya yi tunani, ya yi istihara. Da yake an buɗe littafin da bisimilla, ba ya halatta a jefa shi a juji. Za a ƙona shi cikin mutunci, a binne tokar. Mahaifina, wanda bai taɓa ja da yayansa ba, ya dubi ƙasa. Ni kuwa jika ne, mahaifina yana raye, ba ni da ko zare a gadon Kaka. Na san haka, kowa ma a ɗakin ya sani. Duk da haka na gyara durƙuso na nemi izinin magana.

"Baffa, ana yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba?"

"Na ji abin da ya ishe ni."

"Jimla ɗaya ka ji."

Ya dube ni har sai da mahaifina ya yi gyaran murya. Sannan ya turo mini gafakar da bayan hannu. "Karanta. Kowa shi ji da kunnenshi, kada gobe a ce na zalunci matacce."

Na kwance igiyar, na fara daga farko, daga jerin asalin nan da babu mai so. Ban tsallake kowa ba. Ina cikin tafiya na iso wani suna da wasalinsa ya goge sarai, wanda a da Kaka ce ke cika mini shi da ka. Na tsaya, na gwada shi ta wata fuska, bai zauna ba. Sai sunan ya fito daga bakin Baffa, daidai, da karin da Kaka ke faɗarsa, har da na ɗan da ke biye.

Goggo ce ta fara magana. "Yaya, ashe kana saurare."

"Ɗaga murya take yi," in ji shi, yana kallon bango. "Duk gidan ana ji." Ɗan fari ba a ɗora shi a cinya a ba shi labari, daga bayan zana ya ji nasa, yana yaro. Na ga ya shafa fuska, na kuma ga ya ji haushin kansa da ya shafa.

Da ya sake magana, muryarsa ta koma yadda take. "To, ga sassauci. Ba a ƙona shi. Kai ɗan boko, ka nemi reza, ka bi shi takarda-takarda, duk inda kalmar nan take ka kankare, ka rubuta mai. Mai garken gabas, mai garken yamma. Ma'ana ɗaya ce, ku kuka ce. In ka yi haka shi zauna gidan ga har jikokinka."

Sassauci ne na gaske, kuma na san irin nauyin da ya yi masa kafin ya furta shi. Mahaifina ya ɗago ya yi mini alama da ido in karɓa.

"Baffa, ka yafe mini, ba zan kankare ba."

"Mi ka ce?"

"In na kankare, na yarda ke nan cewa mahaifin Kaka ya rubuta shirka, ita kuma ta yi shekaru tana karanta shirka, mu ne muka zo muka wanke su. Ba su yi ba. Hausarsu ce ta fi tamu faɗi. In yau na cire wannan don kunnenmu ya manta ta, gobe wani zai cire wadda shi bai sani ba, jibi a rage sunayen don sun yi yawa, a wayi gari littafin ya yi sauƙi, ba kuma nata ba ne. Ka ƙona shi da kalmarsa, kana da iko. Amma hannuna ba zai riƙe rezar ba."

"Ka ji ɗanka?" Baffa ya ce wa mahaifina. "Wannan ne abin da aka koyo a jami'a?"

Goggo ta miƙa hannu ta jawo gafakar zuwa cinyarta. "Yaya, ni ma ɗiyarta ce, ina da rabo. Zannuwa da tasoshi a ba wanda ke so. Wanga a sa shi cikin nawa."

"Ke da ba ki iya karanta ko layi guda?"

"Ban iya ba. Ina da ɗa mai taurin kai, ga shi nan durƙushe."

Baffa ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce shari'a ba ta hana ta ba, amma littafin ba zai ƙara kwana a gidan da yake shugabanta ba. Kafin azahar na ɗauke shi zuwa Ƙofar 'Yandaka.

Can yake yanzu. Na fara kwafe shi da boko, yadda yake, ban rage suna ba, ban sauya tsohuwar kalma da sabuwa ba; wadda ta yi duhu nakan yi mata bayani a ƙasan shafi. Ban ce kowa zai karanta ba. Da yawa za su ajiye shi tun a jerin farko, kuma ba zan bi su ina roƙo ba. Amma kada wanda ya ajiye ya fito ya ce babu kome a ciki.

Kullum da safe ina zuwa gaida Baffa. Yana amsawa, a taƙaice, ba ya tambayata aiki. Boko yana da abin da ajami ba shi da shi, wato babban harafi da ƙarami, saboda haka na kai masa shafin da kalmar ta fara fitowa, na nuna masa na rubuta ubangijin garke da ƙaramin harafi, babban na bar wa Mai shi. Ya sa tabarau ya duba, ya miƙo mini takardar.

"Kunne ba ya jin babban harafi," ya ce.

Na karɓi takardata na koma na ci gaba da kwafi. Ubangijin da ba Shi da abokin tarayya, wanda ba Ya bukatar harafi kafin Ya gane nufin bayinSa, Shi nake roƙo Ya gafarta wa Kaka, Ya haskaka makwancinta, Ya sanyaya zuciyar ɗanta na fari, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.